Kwalbar Yis Ta Ƙarshe

Da roba a hannu Ma'u ta shiga shagon Madam Chioma mai kayan burodi a Kasuwar Sabon Gari, fuska a murtuke kamar mai kai ƙara. Ta dire robar a gaban Salmanu, saurayin da ke awon fulawa.

"Malam, fulawarku ce ba kyau. Tun safe na kwaɓa, ko motsi bai yi ba."

Salmanu ya danna kwaɓin da yatsa. "Da wane irin ruwa kika jiƙa yis ɗin?"

"Tafasasshe mana, don ya yi saurin tashi."

Ya danne dariya. "Ai kin kashe shi, Hajiya. Abu ne mai rai. Ruwan da za ki iya yi wa jariri wanka da shi, shi yake so."

Ya zuba mata sabo a 'yar kwalba, ya manna takarda ya rubuta kwanan wata, yadda yake yi wa kowa. Ita dai ya ƙara mata da lambar waya, wai ko da matsala. Matsala kuwa ta ƙi ƙarewa, yau kwaɓi ya yi ruwa ya baje a gwangwani, gobe gishiri ya yi yawa. Kafin wata uku burodinta ya zama abin yabo a gidansu na Fagge, shi kuma ya koma Malamina a bakinta.

Sai maganar aurensu ta kai gaban mahaifinta, Alhaji Muhammad Nur mai atamfa a Kantin Kwari. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga yaron shago ba, wanda ba a san ko ƙofar gidansu ba.

Ta tura saƙo: "Malamina, Baba ya ce a'a. Inna ma ta roƙe shi ya ƙi. Ka ce wani abu."

Amsa ta zo: "Ma'una, ba zan shiga tsakaninki da mahaifinki ba. Ki yi masa biyayya. Ki yafe min."

Daga nan ɗif. Ta ɗauka dama hanyar gudu yake nema, wannan kuwa ya fi a'ar Baba yi mata ciwo.

Kullum da safe tana kwaɓi, don Baba ba ya shan shayi sai da burodinta. Amma kwalbar ƙarshe da Salmanu ya ba ta, ita take ta lallaɓawa, kaɗan-kaɗan don kar ta ƙare. Wata takwas fa, cikin zafin Kano. Ta murza har kafaɗa ta riƙe, ta rufe ta zauna jira, kwaɓi na kwance abinsa. Ta san dalili sarai. Sayen wani yis ɗin ne ba za ta iya ba, gani take ranar ce za ta yarda an rabu. Baiwar Allah duk ta rame.

Alhaji ya jure tauna burodi mai tauri har ran da ya leƙa kicin ya same ta tana murza, tana goge hawaye da damtse. Ya tambayi Inna sunan shagon, ya jefa kwalbar a aljihu ya fita.

A shagon, Salmanu bai san dattijon ba, amma da ya ga rubutun hannunsa da kwanan watan a jikin kwalbar ya gane ta Ma'u ce. Ya zuba yis ɗin a ruwan ɗumi da sukari, suka tsaya minti goma. Ko ɗigon kumfa.

"Baba, ya daɗe da mutuwa." Ya cika sabuwar kwalba, ya rubuta kwanan wata. "Ku kai mata wannan. Amma don Allah ku ɓare takardar, kar ta gane daga nan ne. Mahaifinta ya hana, ba na so ta saɓa masa saboda ni." Ya sunkuyar da kai. "Lafiyarta ƙalau dai?"

Alhaji ya karɓi kwalbar.

"Ba ƙalau take ba. Ni ne mahaifin. Ina ne gidan naku?"

Da ya dawo ya ajiye kwalbar a gabanta, takarda na nan a manne. Ma'u ta ga rubutun, ta ga kwanan watan ranar, ta durƙusa a wajen tana kuka.

"Tashi, uwata. Ki ce ya turo magabatansa."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a Fagge. Ranar kai amarya Alhaji ya dafa kanta.

"Na wahalar da ku, ku yafe min. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya." Ya juyo wajen ango. "Kai kuma Salmanu, 'yata na ba ka. Burodin safe, a riƙa aiko min."