Kyamarar da Nima Ta Saya

Wahab ya dawo daga sallar Juma'a ya tarar da kwaɗon ɗakinsa a karye. Talabijin na nan, kwamfuta na nan. Kyamara ce babu.

Shekara uku yana ɗaukar bidiyon unguwarsu Nima da waya yana sawa a Yutub, har masu kallo suka tara masa kuɗi ta momo, wato turin kuɗi ta layin waya, ya sayi kyamarar, don ya yi fim kan mata masu dakon kaya a kasuwar Agbogbloshie. Da kuɗin aiki ya ƙare, ya buɗe gurup na biya: sidi ashirin a wata, ka riga kowa kallo. Daga nan zagi ya fara. Kafin la'asar ɗin ranar da aka fasa ɗakin, an cika ƙasan bidiyonsa da cewa shi ya sayar da ita ya ƙago sata. In ba a kama ɓarawo ba, babu mai sake yarda da shi, fim ɗin kuma ya mutu.

Kofur Hamdia, 'yar sanda haifaffiyar unguwar Maamobi, ta duba ɗakin.

"A ina kake ajiye ta?"

"Cikin kular abinci, ƙarƙashin gado."

"Wa ya sani?"

"Sau ɗaya na nuna, cikin wasa, a gurup ɗin biya."

Ta buɗe wani gwangwanin madara a kan taga. Katunan ajiyar bidiyo ne a ciki. Wahab ya zaro ɗaya yana juya shi.

"Wannan da safe yana cikin kyamara. Ba ni na cire ba."

Hamdia ta fara da Mutawakil tela, wanda ya fi kowa zagi.

"Na zage shi, Madam, gobe ma zan ƙara," in ji shi, bai daina taka keke ba. "Mu muka saya masa, yanzu mu biya mu ga abin da kyamararmu ta ɗauko? Yaron da nake yi wa facin wando."

"Lokacin salla kana ina?"

"Sahu ɗaya da shi. Har ƙafata ya taka."

Wahab ya amsa haka aka yi.

Sai Basma, mai wake da shinkafa a ƙofar gidan.

"Shekara uku yana ɗaukar tukunyata kyauta. Mai gidan abinci a unguwar Madina ya biya shi, sai ga talla har da waƙa. Ni ko sannu."

"Kin shiga gidan yau?"

"In bar wa wa layi? Tambayi masu saye."

Mutum huɗu suka shaida ba ta tashi ba.

Hamdia ta karɓi wayar Wahab ta bi sunayen masu biya, tunda momo na nuna sunan mai layin. Duka Wahab ya san su, ban da Salimatu Musah. Ta kira lambar. Wata tsohuwa ta ɗauka daga unguwar Alajo, ta ce ita wayarta mai maɓalli ce, ɗanta Jalilu ke tura kuɗi da layinta.

Wahab ya zauna a bakin gado. Jalilu ne ya riƙe masa waya duk shekarun nan. Da kyamara ta zo, sai Wahab ya ajiye shi, ya ɗauko wani mai takardar makarantar fim.

Sun same shi a shagonsa na aski.

"Kana cikin gurup ɗin Wahab?" ta tambaya.

"Ni? Kowa ya ji na rantse a wurin shayi, ko kyauta ba na kallo."

"Layin mamanka ya biya wata biyu. A can ka ga kular." Ta ajiye gwangwanin a kan tebur. "Ɓarawon titi da kwamfutar zai haɗa. Kuma ba zai tsaya cire kati ba, balle ya san inda ake ajiye shi. Dokar wa ce a cire tsohon kati a sa a nan kafin a fita da kyamara?"

Wahab ya ce, "Shi ya kafa ta. Tun muna amfani da waya."

Jalilu ya kalli gwangwanin.

"Ban ma san na cire ba," ya ce.

Ya ja akwatin tawul daga ƙarƙashin benci. Kyamarar na ciki, an naɗe ta da sabon tawul, an goge gilashin.

"Me ya sa, cale, abokina?" in ji Wahab. "Da ka sayar?"

"Ban taɓa riƙe ta ba. Ranar da ta zo ka ce hannuna na rawa." Ya juya wajen Hamdia. "Madam, rabin fim ɗin nan ni na ɗauka, cikin taɓon kasuwa, da waya mai fasasshen gilashi. Na biya ne in ga ko ya sa sunana a ƙarshe."

Hamdia ta fito da ankwa, sai ta dakata.

"Ka sa?" ta tambayi Wahab.

Wahab ya girgiza kai. Waje, mutane sun fara taruwa, kowa ya ɗaga waya.