Tabarmar da Niko Ya Lulluɓa

"Kada wanda ya kuskura ya taɓa tabarmar nan!"

Tsawar Baba ce ta sa na saki cokali a cikin kunun ayabar ɗana Maleko. Na ɗaga asabari na leƙa.

A tsakiyar filin gidanmu, kan tsakuwa, mutum ne zaune ya tanƙwashe ƙafa, ya lulluɓe kansa ruf da lallausar tabarma mai jan gashin tsuntsu a baki. Ga itace a gabansa, ga duwatsu, ga ganyen ayaba, wato in kun ga dama ku gasa ni. A bayansa wani tsoho ne da ban sani ba, kai a sunkuye, ya naɗe rabin fuskarsa da tawul.

Ifoga! Al'adarmu ta neman gafara, a ƙofar gidanmu, da sassafen Asabar!

Ban buƙaci a ɗaga tabarmar ba. Ƙafar da ta leƙo, mai tabo a babban yatsa, na san ta.

Falaniko ne. Niko, mijina, wanda rabona da shi shekara ɗaya da wata bakwai.

"Wannan ai raini ne," in ji Baba, yana gyara ɗaurin zanensa. "Ina shugaban danginsu? Ina dattawansu? Daga shi sai wani tsoho mai tawul! Tunda ba a aiko mini da kowa ba, ni ba ruwana. Ke aka yi wa, Lanuola, ke za ki ɗaga."

"In na ƙi fa, Baba?"

"In rana ta faɗi yana ƙarƙashinta, aure ya mutu a gaban idon kowa."

"To ya mutu mana!"

Na faɗa da ƙarfi don ya ji. Na koma na ɗauki cokali.

Maleko ya buga cinyata. "Mama... am!"

Kalmominsa ke nan guda biyu a duniya, su ma ta hanci suke fita. Na gyara masa zama, don a zaune ake ba shi abinci, kaɗan-kaɗan. Duk da haka kunun ya biyo ta hancinsa, ya ƙware, ya fashe da kuka. Na goge, na busa masa ido, muka sake. Haka muke kullum, sau biyar a rana. Likitocin da ke zuwa Apia, babban birninmu, daga waje sun ɗinke masa leɓe yana wata bakwai, saura rufin bakin da ke buɗe har yanzu. Ran Talata za su yi shi. Kwana uku ke nan ko abinci ba na iya ci, sai ga wannan kuma!

Na share ɗaki. Na sake share shi. Na wanke kwanon da na riga na wanke.

Ƙarfe tara, motar haya ta tsaya a bakin hanya, fasinja suka zuba ido. Matan coci kuwa kowace ta tuna tana da shara a ƙofar gida.

Shi ko motsi bai yi ba.

Wai yau Niko ne ya iya zama wuri ɗaya! Ranar da na haihu a ƙauyensu can tsibirin Savai'i, leƙa zanin kawai ya yi, ya ga leɓen jaririn a tsage har hanci, ya juya ya fita. Kafin kwana uku Sieni, 'yar Fasto, wadda ta daɗe tana lissafin Niko nata ne, ta rantse ta gan ni da ciki a bayan madafa, ni kaɗai, ina cin kan kifin da aka ware wa shugaban dangi, kifin da ƙugiya ta yage wa baki. Kowa ya san abin da mai ciki ta ci a ɓoye a jikin ɗanta yake fitowa. Surukata Mama Folole ta tsaya a gaban mata ta ce, "Ga shaidar satarki nan a fuskar yaro. Mu a jininmu babu wannan."

Na dubi Niko.

Ya dubi ƙasa.

Wata guda na jure, sannan na ɗauki ɗana na hau jirgin ruwa na dawo gidan ubana.

Ƙarfe goma sha ɗaya wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

"Lanu 'yar'uwa," in ji muryar, zaƙi kamar rake. Sieni ce. "Na ji kin yi baƙo. Tabarmar nan ta sata ce fa, daga akwatin Mama Folole ya ɗauke ta. Ta bikina da shi ce. Kada ki ɓata ta da hannun kifi."

"Sieni, shekara biyu kina ɗinkin rigar aure, har yanzu ba a zo awo ba?"

Na kashe. Na jefar da wayar kan katifa. Na sake ɗauka, na sake jefarwa.

Rana ta take. Tsakuwar filinmu a irin wannan lokaci ko kare ba ya taka ta. Ina kallo tabarmar ta ɗan karkata, ta sake miƙewa.

Ina son sa. Abin haushin ke nan! Ina son sa, kuma ji nake kamar in ɗauki itacen nan in rafka masa.

Na saɓa Maleko a kafaɗa na fita.

"Ban zo ɗagawa ba," na ce. "Tambaya na zo yi."

"Lanu..." Muryarsa ta bushe ƙamas. "Masoyiyata..."

"Kada ka fara! Ina masoyiyar take ranar da aka kira ni ɓarauniya? Ina take ranar da aka shiga da yaron nan ɗakin tiyata, ni kaɗai a kan benci? Ka san sau nawa kunnensa ya yi ruwa? Ka san yara suna kwaikwayon maganarsa a coci? Yanzu ka gane ban ci kifin ba, ko Sieni ce ta canza labari?"

Tabarmar ta ɗan motsa.

"Tun ranar na san ba ki ci ba."

Sai da na ja baya.

"Me ka ce?"

"Na sani, Lanu. Mama ma ta sani." Ya yi tari. "Kawu Uili, don Allah..."

Tsohon da ke bayansa ya ɗaga hannu a hankali ya warware tawul.

Wayyo Allah!

Leɓensa a tsage har hanci, irin na Maleko sak ranar da aka haife shi, sai dai wannan ya shekara sittin ba wanda ya ɗinke.

"Ƙanen Mama ne, ciki ɗaya," in ji Niko daga ƙarƙashin tabarma. "A bukkar gona yake zaune, can saman dutse. Ba ya zuwa coci, ba ya zuwa biki, in an yi baƙi ba a ambatarsa. Ni nake kai masa abinci tun ina yaro. Da na ga fuskar ɗana, shi na gani... na ga bukkar nan. Tsoro ya kama ni, na bari aka ɗora miki. Ran Lahadi na riƙo hannunsa na shiga da shi coci, na faɗi gaskiya a gaban kowa. Shi ya sa ba wanda ya rako ni sai shi. Dangi sun ce ni ba ɗansu ba ne."

"Shekara ɗaya da wata bakwai, Niko!"

"Na sani."

"Da rashin sani ne da na yafe tuni. Amma kana sane! Kana sane ka bar ni ina tambayar kaina ko wani abu na ci, ko wani abu na taka..."

Kuka ya ƙwace mini, na gaske, mai majina, a gaban matan coci da tsintsiyoyinsu.

Maleko ya zame daga jikina. Kafin in kama shi ya tafi dagwai-dagwai wurin tsohon, ya tsaya yana kallonsa. Ya sa yatsa ya taɓa leɓen Kawu Uili, sannan ya taɓa nasa tabon.

Tsohon ya yi magana. Ta hanci ta fito, a dagule, na ga mutane suna duban juna. Ni kuwa na ji kowace kalma, kunnena ya saba.

"'Yata, ban zo roƙa wa Niko ba. Yaron nan kawai na ce a kawo ni in gani. Kada ki bari a kai shi gona."

"Ba mai kai shi ko'ina, Kawu," na ce. "A layin gaba yake zama a coci, in ya yi ihu kowa ya ji."

Na juya ga tabarmar. Zuciyata na cewa bar shi, tana kuma cewa yi maza kafin ya faɗi.

"Savai'i dai ba zan koma ba."

"Ni ma ba ni da wurin komawa."

"Kuma Kawu ba zai koma dutse ba."

"Lanu..."

"Ban gama ba! Ran Talata, asibiti. Bayan aikin, mako uku ba zai yi barci ba, ba zai ci ba sai da faɗa, hannunsa a ɗaure don kada ya sa a baki. Kai za ka riƙe shi."

"Zan riƙe."

Na kama bakin tabarmar. Zafinta ya ƙone mini yatsu. Na yaye.

Ya rame. Fuskarsa ta jiƙe sharkaf, gumi ne ko hawaye oho, idonsa a ƙasa.

"Ba ƙasa za ka kalla ba," na ce. "Ga shi nan. Kalle shi."

Na ɗora masa Maleko a cinya. Niko ya ɗago. Ya kalli tabon, ya kalli hancin da ya ɗan karkace, ya daɗe yana kallo bai kau da kai ba. Sannan ya sunkuya ya sumbaci leɓen daidai kan ɗinkin.

Maleko ya bangaje shi ya tsala ihu, ya miƙo mini hannu.

"Bai san ni ba," in ji Niko.

"Ina zai san ka?"

Daga cikin gida Baba ya yi gyaran murya. "To, ku shigo da baƙi daga rana. A shimfiɗa wa dattijon nan tabarma kusa da ni."

Niko ya yunƙura, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Na saɓa ɗana a kafaɗa ɗaya, na miƙa wa ubansa ɗayar.

"Jingina," na ce. "Amma ka sani har yanzu ina fushi."