Kafin Gam Ya Bushe

"Ba za ki je wurinsa ba, Nereida! Kin manta wanda ya kayar da ke?"

"Mami, soson ne ya cinye. Dubi idon sawuna..."

"Miƙo ƙafar nan!"

Haka Mami take. Ciwon kai, man zafi. Tari, man zafi. Da za a ce mata zuciya ta karye, na rantse sai ta lakato ta shafa.

Tun ranar da babur ɗin saurayina Wilkin ya zame da mu a hanyar Barahona, ƙafata ta hagu ta daina ɗagawa. Sai dai ta yi lilo, yatsu na jan ƙasa. Likita ya ba ni wata roba mai tauri da ke riƙe ta daga ƙwauri zuwa tafin ƙafa, an shimfiɗa mata soso a ciki. Man Mami ya jiƙa soson har ya ɓamɓare, ita kuwa ta cusa tsumma a madadinsa. Ƙafar ba ta ji sosai, ban san roba na cin namana ba sai da na ga jini a safa.

Mami ta hana Wilkin taka ƙofarmu. Ni kaɗai gare ta, tun rasuwar mahaifina, Papi. Ƙawaye sun yi zuwan dubiya sun gaji. Ranar Lahadi kiɗan bachata ya taso daga kantin Don Fello, ni kuma ina kan kujera ina kallon kaji. Kaɗaici ya ishe ni, kewar Wilkin ta fi gyambon zafi.

Da la'asar Mami ta tafi coci, na ja ƙafa zuwa rumfarsa. Ya bar acaɓa, yanzu kujerun babura yake yi wa sabon soso.

Yana ganina almakashi ya suɓuce masa.

"Neri..."

"Aiki na kawo. Kada ka fara."

Ya durƙusa ya kwance maɗaurin, ya shinshina robar, ya yamutsa fuska.

"Maminki Doña Altagracia ta yi aiki! Ƙafa ce wannan ko mura?"

Dariya ta kuɓuce mini. Sai kuma ya ga gyambon. Ya wanke shi da ruwa da sabulu.

Ya kankare tsohon soson tas. Ya ɗora tafin ƙafata a kan sabo, ya zagaye shi da biro, ya yanka, ya goge bakinsa har ya yi laushi. Daidai idon sawu ya rarake rami don kada ya taɓa ciwon. Sannan ya shafa gam.

"Sai ya bushe. Ba inda za ki."

Gaskiyarsa, babu robar, babu tafiya. Muka zauna, ƙafata a kan cinyarsa.

"Neri, ɗan'uwana ya samo mini aiki can birnin Santiago. Akwai ɗaki. Ki biyo ni, masoyiyata, mu ɗaura aure. Ni na kayar da ke, ki bar ni in riƙe ki!"

"Mami fa?"

"Mu tafi da ita!"

"Matar da ko sunanka ba ta iya faɗa? Wilkin, wa zai ɗebo mata ruwa? Wa zai ji in ta faɗi?"

"Ni fa? Wa zai ji in na faɗi?"

Ina son sa, Allah ya sani, son da ban taɓa yi wa kowa ba. Sai dai bakina ya ƙi cewa to.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya jawo ragowar soson, ya ɗora ƙafata a kai, ya sake zanawa. Ya yanka. Ya sake zanawa, ya sake yankawa.

"Me kake yi?"

"Duk wanda ya cinye, ki kankare ki liƙa wani. Gam kaɗan, ki bari ya sha iska. Kuma don Allah ki ɓoye wa Mami man nan."

"Wilkin, ya isa..."

"Bai isa ba. Ban san ranar dawowata ba."

Ya cika leda da su, ya ɗora gwangwanin gam a sama. Ya taɓa cikin robar da yatsa, ya ce ya bushe. Na so in ce ƙarya ne, da saura.

Shi ya ɗaura mini da kansa. Na miƙe na taka. Babu gogayya, babu zafi, kamar an haife ni da ita.

Na kama hanyar gida rungume da ledar, ina kuka wiwi a tsakiyar titi. Tun bayan haɗarin ban taɓa tafiya mai daɗi irin wannan ba, kuma kowane taku nesa da shi yake kai ni.