Tokar da Aka Maido

La'asar ta yi sanyi lokacin da Nazifa ta kashe moto, babur ɗinta na aiki, a bakin filin. Ta sauka da jakar aikinta, ranta a ɓace tun daga Magariya.

Filin yana bayan wani ƙauye ne a ƙasar Guci. Shekara takwas wasu mutane suka yi a nan suna fasa tsofaffin batura na mota da na hasken rana, suna narka dalmar da ke ciki, suna zubar da ruwan a ƙasa. Da suka tashi, sai suka bar wa mutane ƙasa mai launin toka wadda ko ƙarangiya ba ta fitowa a kanta. Kaji suka yi ta mutuwa. Yaran gidajen da ke kusa suka fara ciwon ciki da farfaɗiya.

Nazifa ma'aikaciyar noma ce, ita aka ɗora wa gyaran wurin. Dabarar ba ta da wuya a baki. A zuba taki, a shuka tsirran daji masu jure guba, zurma da tumfafiya da ciyawar jema, saiwarsu ta tsotse dalmar sannu a hankali. In kaka ta yi a tumɓuke su, a ƙone, a zuba tokar a ganguna a rufe, kamiyo, babbar motar kaya, ya zo ya kai ta Damagaram. Damina biyu aka yi haka. Kamiyo bai taɓa zuwa ba. Ganguna goma sha ɗaya suka taru, ta sa aka kai su gindin wata tsohuwar kuka a cikin kwazazzabo, nesa da gidaje da rijiya.

A damina ta uku abin ya juye. Duk ƙasar da ta ɗiba ta aika awo, sai sakamako ya dawo dalma ta ƙaru. Da safiyar ranar nan shef ɗinta, shugabanta na wurin aiki, ya ce mata a gaban kowa ko dai ba ta iya ɗibar ƙasa ba ne.

Baba Illa, mai filin kuma mai gadinsa, ya taso daga kan buzunsa ya buɗe mata ƙofar waya.

"Sannu da hanya, Malama. Yau kin yi yamma."

"Da gangan na yi, Baba. An ƙara zubawa?"

Ya nuna mata da haɓa.

A gindin kowace zurma akwai ɗan tulin toka, kamar wanda aka auna da ludayi. Layi huɗu cur. Satin jiya layi biyu ne.

"Baba, don Allah ka faɗa mini gaskiya. Wa ke shigowa? Jikokinka nake yi wa wannan wahalar, ba kaina ba. Shekara uku ina zarya a kan rairayi, wani yana bin baya yana ɓata mini aiki!"

"Makulli yana wuyana, 'yata. Dubi wayar nan, ko akuya ba ta ratsa ta ba."

"To daga sama tokar ke saukowa?"

Tsohon ya dubi yamma. Rana ta kusa taɓa kan gero.

"Zo mu je gida. Ki yi salla, ki sha fura, gobe da hantsi ki duba."

"Ba inda za ni. Yau sai na ga ɓarawon aikina."

Ya roƙe ta har sau uku. Da ladan ya ɗaga murya, ya ajiye mata makullin a kan dutse, ya tafi yana waiwaye.

Ta shige tsakanin zurma ta tsuguna. Ta sa safar roba, ta taɓa tulin da ke kusa da ita.

Da ɗumi.

Ta janye hannu. Ta ce wa kanta zafin rana ne.

Daga ƙauye ana jin kukan jaki da daka na ƙarshe. Gyare ya fara. Tsuntsaye na komawa cikin gawo. Sai duka suka ɗauke a lokaci guda, kamar an kife wa duniya ƙwarya.

Iska ta tsaya. Amma ganyen tumfafiya na can ƙarshen fili yana motsi.

Wani wari ya taso. Ta san shi, warin ruwan batir ne, mai kama maƙogwaro. Shekara uku ke nan ba a fasa batir ko ɗaya a wurin ba.

Sai ta ji tafiya. Taku ɗaya, shiru. Taku ɗaya, shiru. Kowane taku ƙasa na amsawa a ƙarƙashin gwiwarta.

Wata 'yar tsohuwa ce, gajera, da baƙin zane, da goyo, da ƙwarya a ka. Daga wajen kwazazzabo ta fito. Nazifa ba ta ga ta inda ta ƙetare waya ba. Tsohuwar ta sauke ƙwaryar, ta ɗebi toka da hannu, ta zuba a gindin zurma. Ta matsa gaba. Ta sake zubawa.

Haushin wata uku ya rufe wa Nazifa ido. Ta miƙe.

"Iya! Ashe ke ce? Kin san abin da kike zubawa? Guba ce! Da goyo a bayanki kike taɓa ta!"

Tsohuwar ba ta ɗago ba.

"Na sani."

Muryar ba daga gabanta ta zo ba. A bayan kunnenta ta ji ta.

A nan Nazifa ta lura da sawun. Duk inda tsohuwar ta taka, ƙafarta ta nutse har ƙauri a busasshiyar ƙasa.

"Kayanku ne. Maido muku nake."

Nazifa ta so ja da baya. Ƙafafunta suka ƙi.

Tsohuwar ta ɗago. Leɓenta toka-toka. Dasashinta shuɗi, irin na yaran da aka kai likita. Idanunta ba fari a ciki.

"Nan ne gidanmu tun ba a haƙa rijiyar garin nan ba. Naku suka zo da wuta da ruwa mai ci. Muka tashi. Ba mu taɓa kowa ba. Muka koma gindin kukar kwazazzabo."

Goyon ya yi tari. Tari mai tsawo, na tsohon mutum. Wani siririn hannu ya zaro daga zanen, ya yi ta zarowa har ya taɓa ƙasa.

"Sai kika biyo mu da toka."

"Ban sani ba, Iya. Wallahi ban sani ba."

"Kin tambaya?"

Nazifa ta buɗe baki. Ɗanɗanon ƙarfe ya cika shi.

Tsohuwar ta miƙo ƙwaryar.

"Riƙe."

Hannayenta suka miƙe da kansu.

Nauyin ya durƙusar da ita nan take. Ƙwarya ce 'yar ƙarama, amma kamar an ɗora mata turmin ƙarfe. Safar ta narke ta manne da fata. Gwiwoyinta suka fara shiga ƙasa.

Ta nemi Ayatul Kursiyyu. Farkonta ya ɓace mata.

"Damina biyu nake ɗaukar ta a kaina. 'Ya'ya biyu na binne. Wannan ne ya saura."

Ƙasa ta kai mata cinya.

Abin da ya fito daga bakin Nazifa ba addu'a ba ce, kuka ne na takaici.

"Takarda huɗu na rubuta! Huɗu! Kullum a ce mini babu mai, a ce mini wata mai zuwa! Ni kaɗai ce a nan, Iya, ina zan kai ta?"

Tsohuwar ta matso. Numfashinta sanyi ƙalau.

"Ba gidana ba."

"Zan kwashe."

"Yaushe?"

"Gobe. Kafin azahar."

Tsohuwar ta ƙura mata ido.

Siririn hannun ya taso daga ƙasa. Ya shafa kumatunta, a hankali, kamar mai son gane fuska.

Daga bakin ƙofa muryar Baba Illa ta tashi, yana karanta Falaƙi da Nasi. Hasken tocila ya faɗo kan ganye.

Ƙwaryar ta suɓuce.

Nazifa ta fizge ƙafafunta, ta bar takalma a cikin rami. Da rarrafe ta kai ƙofa. Tsohon ya cafki hannunta ya ja ta, yana cewa kada ta waiwaya. Ba ta waiwaya ba. Har suka shiga gari tana jin takun nan a bayansu, ɗaya, shiru, ɗaya, yana komawa wajen kwazazzabo.

Da gari ya waye ta samo amalanken shanu uku. A gindin kuka suka tarar ganguna huɗu sun yi tsatsa sun ɓule ta ƙasa, toka ta bi saiwa. Wasu biyu murfinsu a ɗaure yadda ta bar su, amma ba komai a ciki. Suka kwashe duka, suka kankare ƙasar wurin, suka bi layin zurma suka tattara tulin da ke gindinsu. Kafin ladan ya kira azahar an gama. A wani ɗakin siminti mai rufi aka jibge su, can bayan biro, ofishinsu na Magariya. Kamiyo bai zo ba sai bayan damina.

Ba a ƙara ganin toka a filin ba. Awon da ya biyo baya ya nuna dalma ta fara sauka, shef ya ce ai ya san in ta natsu za ta iya. Tafin hannayenta sun warke, amma launinsu bai dawo ba, kuma har yau in ta sha ruwa ƙarfe take ji.

Yanzu an ƙara mata wasu filaye biyu, ɗaya a Sassumbrum, ɗaya a Dogo-Dogo. Duk inda za ta sa a haƙa rami ko a sauke kaya, ko da fili ne fetal ba bukka ba itace, sai ta tsayar da ma'aikata. Ta yi sallama da ƙarfi. Ta faɗi abin da ya kawo ta. Sannan ta yi tsaye tana jira, wani lokaci har a ƙosa.

Wani direba mai suna Dalhatu ya taɓa ce mata, "Madam, ai ba kowa a nan. Me kike jira haka?"

Ta ɗaga masa hannu ya yi shiru, kunnenta na wajen ƙasa.

"Ba duka ne ke saurin amsawa ba."