Motar Bayan Katanga

Sai da maƙwabta suka yi gumi da guduma kafin katangar ta buɗe baki. Hajara ce ta fara leƙawa, mabuɗin motar na rataye a wuyanta da zare, inda yake tun ranar da suka bar gidansu na Soba. Ta leƙa, ta ja da baya, ta goge ido da bakin mayafi, ta sake leƙawa. Babu mota a ciki.

Farar Santa Fe ce mai faɗin baya, wadda mijinta Jibrin ya saya lokacin da harkar kayan gwari ta karɓe shi a kasuwar Suk al-Arabi. A cikinta suke zuwa sallah ƙauye da buhun sukari a baya, a cikinta ya koya wa Hajara tuƙi yana salati a kowace kwana. Da yaƙi ya ɓarke, masu bindiga suka shiga ƙwace motoci a gida da kan hanya, sai Jibrin ya tura ta gareji, ya sa aka toshe ƙofar da bulo, aka shafa farar ƙasa har ta saje da bangon gidan. Su kuma suka bi bas zuwa Kassala.

A can kwalara ta ɗauke Jibrin. A can kuma ƙodar 'yarsu Iman ta gaza, budurwar da ke shirin shiga jami'a. Sau biyu a mako ake yi mata wankin ƙoda, asibitin kuwa da ƙafa suke zuwa. Da aka fara komawa Khartoum, mutane suka ce wa Hajara ta zauna. Ta ce a'a, tana da gida, tana da mota. Ta saki gurbin wankin Iman na Kassala, ta samu wani a Omdurman, tana ganin ita da kanta za ta riƙa tuƙa yarinyar su haye gada. Daga Soba zuwa Omdurman a bas kuwa, sai an sauka an sake hawa, an tsaya a rana, tafiyar da mai lafiya ma ke jin ta a jika. Iman ta riga ta rasa wanki ɗaya.

Saje Salahuddin na 'yan sanda ya iso da hantsi a bayan babur ɗin wani, don ofishinsu ba mota, ba fanka, kujerar ma aro ce. Dattijo ne mai tumbi da ƙaramin gemu, ɗan Hausawan Gezira, haifaffen kambo, wato unguwar 'yan ƙwadagon gonar auduga. Mutum ne da ba ya sauri ko ana gobara. Ya daɗe yana shafa katangar kamar mai cinikin rago, ya ɓalli abin da ya haɗa bulo da bulo, ya murje shi a tafi, ya shinshina.

"Maman Iman, da me marigayi ya gina nan?"

"Da siminti, Janabu. Buhun ƙarshe na gidan." Janabu ake kiran ɗan sanda a nan.

"To wannan laka ce."

Ya kunna fitilar waya ya shiga. Ba fasasshen gilashi a ƙasa. An share wurin tas kafin ƙura ta sake kwanciya. A kusurwa an jera buta, darduma a naɗe, da takalman makaranta. Ƙur'anin da ke zama gaban mota kuwa, an sa shi a jakarsa an rataye a ƙusa, can sama.

"Masu bindiga ne, Janabu, su wa za su yi in ba su ba?" in ji wani maƙwabci.

"Ka taɓa jin sun kwashe gida sun tsaya shara?" Salahuddin ya juya ga Hajara. "Su wa suka san da motar?"

"Salih maƙwabcinmu, shi ya ba da ruwan gini. Malam Abdallah magini. Sai Ilyasu, ƙanin marigayi."

Salih makanike ne, Balaraben Shendi, kuma buɗe mota ba mabuɗi ba zai sa shi gumi ba. Salahuddin ya same shi zaune a gaban garejinsa da babu komai a ciki sai tsohuwar taya.

"Ka zauna a unguwar nan duk yaƙin?"

"Ban da damina ta farko. Na kai mahaifiyata Shendi, tambayi liman."

"Da ka dawo, katangar fa?"

"Na ga farin ya ɗan dushe. Na ce ruwa ne."

"Yaya ake kwaɓa laka ta kama jan bulo?"

Salih ya dube shi kamar ya tambaye shi hanyar wata. "Ƙasa da ruwa mana, ya zol, bawan Allah."

Salahuddin ya yi masa godiya. Liman ya tabbatar da tafiyar Shendi.

Malam Abdallah yana unguwar Mayo, a ƙarƙashin rumfar buhu. Shi ma ɗan kambo ne, don haka suka gaisa da Hausa, suka tambayi juna mutanen da yawancinsu sun mutu. Da Salahuddin ya nuna masa hoton katangar a waya, sai tsohon ya ɓata rai.

"Wannan karkataccen abin? Wallahi ko a makance ba zan yi shi ba."

"Ina kake a damina ta farko?"

Malam Abdallah ya yaye mayafin kafaɗarsa. Hannun dama ya tsaya ne a gwiwa. "Tun watan farko, bam ya faɗo mana a layin burodi. Sauran ka tambayi Mayo gaba ɗaya."

Ba sai ya tambayi kowa ba, amma ya tambaya, don aiki ne.

Da la'asar ya koma Soba. Iman na kwance a kan angarib, gadon igiya, a inuwar bango, ƙafafunta sun kumbura har fatar na sheƙi. Ta yi ƙoƙarin tashi ta gaishe shi, ya ce ta yi kwanciyarta. Abin ya taɓa shi ƙwarai, don yana da 'ya sa'arta.

"Yaushe ne wankin gaba?"

"Jibi," in ji Hajara.

"Ilyasu fa, me ya ce?"

"Yana Omdurman, yana tuƙa raksha, keke mai ƙafa uku. Ya ce tun makon farko ya bar Mayo ya haye, bai sake takowa nan ba. Amma yana sa a duba mana. Duk kiran da marigayi zai yi sai ya tambaye shi, ya ce mota lafiya lau. Ni ma kafin in saki gurbin Kassala sai da na kira shi. Ya ce in taho."

Salahuddin ya kai ta gaban kayan da aka jera. "Ki duba da kyau. Kar ki gaya mini abin da ke nan. Me ya kamata a gani a nan, amma babu?"

Ta daɗe tana kallo. "Layar Inna," ta ce. "Mahaifiyar marigayi. Ranar da ya sayi motar ta ba shi, jar fata da ɗinkin koren zare. A ƙarƙashin sitiyari ya ɗaure ta, inda ido ba ya kaiwa. Ai da motar ta tafi."

Salahuddin ya yi mata sallama ya tafi.

Washegari ya cire kaki ya sa jallabiya, ya bi bas har Suk al-Arabi, ya sake wata, ya haye Omdurman. A tashar raksha aka nuna masa Ilyasu, dogon mutum da ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Salahuddin ya shiga baya kamar kowane fasinja, ya faɗi wata unguwa. Da suka shiga lungu, sai ya saki carbinsa ya faɗi wajen ƙafar direba.

"Ma'alesh, yi haƙuri, ɗan tsaya."

Ya sunkuya ya miƙa hannu, ya wuce carbin, ya laluba ƙarƙashin kan rakshar. Yatsunsa suka taɓa fata. Ya jawo ta fili, ja ce, da koren zare.

"Allah ya jiƙan Inna," ya ce da Hausa.

Ilyasu ya kashe injin. Bai gudu ba, bai yi musu ba. Ya kifa goshi a kan hannuwansa, ya daɗe a haka.

A tsakar gidan Soba aka yi sauran maganar, Hajara na tsaye, Ilyasu na tsugune kusa da ramin katangar.

"Wanda ya ɗauki motar ya mayar da bulon wurinsa," in ji Salahuddin. "Baƙo ba ya haka, sai wanda zai ji kunyar haɗa ido da mai ita. Siminti babu a gari, sai ya kwaɓa laka da ƙaiƙayin dawa da kashin jaki, ya bar ta ta ruɓa, ya shafe da tafin hannu zagaye-zagaye. Haka muke yaɓe a kambo, ni ma da shi na girma. Salih bai san wannan ba. Malam Abdallah ya sani, amma ba shi da hannun yi, in ma yana da shi ba zai yi karkatacce ba. Saura mutum ɗaya, ɗan kambo irina, shi kuma ya ce bai sake zuwa ba."

Ya ɗaga layar. "Ya fitar da kayan gida duka ya jera, ya ɗaga Ƙur'ani sama. Laya kaɗai ce babu. Mu kuwa, ko jaki mutum zai sayar sai ya kwance layar wuyansa tukuna, balle ta uwa. Ba a bari addu'ar uwa ta bi kaya zuwa hannun wani. A cikinsu ɗan Inna ne kaɗai ya san inda take, kuma ɗan Inna ba zai iya barin ta a ƙura ba. Da ya jefa ta cikin Nilu, da har yau ina yawo. Sai ya ɗaure ta a daidai inda wansa ke ɗaurewa."

"Ina motar?" in ji Hajara.

"Yaya..."

"Ina motar, Ilyasu?"

"Marwa na da tsohon ciki," ya ce, yana nufin matarsa. "Mayo ba ruwa, ba magani, yara na kuka. Wani direba ya ce in na samo arabiyya mai ƙarfi, wato mota, zai fitar da su ta sahara zuwa iyakar arewa, motar ta zama ladansa. Na san inda Yaya Jibrin ke ajiye mabuɗi na biyu. Na ce in sun isa zan gaya masa, zai fahimta."

"Sun isa?"

Ilyasu ya girgiza kai. "Ban sani ba. Wayar direban ta daina shiga tun a hanya. Har yau ba wanda ya gan su."

Salahuddin ya ga ɓarayi iri-iri a aikinsa, amma wannan bai san inda zai ajiye shi a ransa ba.

"Da ka roƙe shi, da ya ba ka," in ji Hajara. "Wallahi da ya ba ka, har da mai. Motar ba ta dame ni ba. Na kira ka daga Kassala, na ce Ilyasu, zan saki gurbin yarinyar nan. Kalma ɗaya kawai. Me ya hana ka?"

"Kunya, Yaya."

"Kunya," ta maimaita, ta dubi ƙafafun Iman.

Salahuddin ya gyara murya. "Maman Iman, in kin shigar da ƙara, yau zai kwana a hannunmu. Motar dai, gaskiya, kar ki sa rai. Kin kira Kassala?"

"Na kira. An ba wani gurbin."

"Zan riƙa kai ta a raksha," in ji Ilyasu da sauri. "Kullum, wallahi."

"Raksha ba ta hawa gada, ka fi ni sani," in ji Salahuddin.

"To su dawo wurina. Ɗakina na kusa da asibitin. Ba kowa a ciki."

Salahuddin ya ga lokacin da Hajara ta gama auna abin a ranta, kuma bai ji daɗin gani ba. In aka rufe Ilyasu, ba ɗaki, ba raksha, ba wanki gobe. Ba ta da kowa a Omdurman sai mutumin da ke tsugune a gabanta.

"Janabu," ta ce, "ba ni da ƙara."

"Kin tabbata?"

"Ba a yi mini sata ba. Ka ce wa manyanka haka."

Ya miƙa mata layar. Ta kalle ta, ba ta karɓa ba. "Ba shi. Ta uwarsa ce."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin kayansu, wanda ko kwance shi ba su gama yi ba tun dawowa. Iman ta gwada tsayuwa, ƙafafun suka ƙi. Ilyasu ya matso ya durƙusa ya juya mata baya, yarinyar ta dubi uwarta. Hajara ta kau da kai. Ya goya ta, suka nufi tashar bas, Salahuddin na biye da buta da darduma.

A bakin ƙofa Hajara ta tsaya. Ta ciro zaren daga wuyanta, ta miƙa hannu ta cikin ramin katangar, ta rataye mabuɗin a ƙusar da aka sauke Ƙur'ani. Sannan ta bi bayan mutumin da ke goye da 'yarta.