Murhun Inna Mai Kai Huɗu

"Nafisa! Wai mi ke ƙonewa ne a gidan nan?"

Zubair ya faɗo kicin da tawul a wuya, yana kore hayaƙi da hannu. Amaryarsa na tsaye gaban murhun gas, ashana a hannu, idanu sun yi jawur. Sabuwar butar shayinta ta koma baƙa ƙirin, wata jar wuta mai hayaƙi na lasar gindinta.

"Ba komai... ruwan shayi na ɗora."

"Ruwan shayi ke warin fenti?"

Ya kashe makunnin, ya sauke butar. Nan take hular ƙaramin kan murhun ta rabe gida biyu ta faɗo ƙasa.

"Ikon Allah! Sabon abu? Ai cutar ku aka yi. Wane shago ne a Kanon? In maida masu kayansu yau ɗin nan."

"A'a! Don Allah kar ka tahi ko'ina."

"Don mi?"

"Ni dai na ce kar ka tahi!"

Ya tsaya yana kallon ta. Tun suna zance bai taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, sai yau, a kan murhu. Ita kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Satin amarci ya ƙare. Tun da aka kawo ta, daga gidan surukarta Hajiya Rakiya ake aiko masu da abinci, kamar yadda aka saba yi wa amarya. Gobe ne za ta shiga girki, dangin miji su zo su ci tuwon hannunta. Dangin Zubair kuwa ba a yi masu wasa. Tun da sojoji suka koma bariki, zauren mahaifinsa a Ƙofar Sauri bai rabu da 'yan siyasa da motoci ba, matan gidan ma ido ya buɗe. Yayarsa Haulat, ko cokali ta kalla sai ta faɗa maka kasuwar da aka sayo shi.

A gaban wannan Haulat ɗin ne, ranar jere, Gwaggo Sabuwa, ƙanwar mahaifin Nafisa, ta yaye leshin da aka rufe murhun da shi, ta rangaɗa guɗa ta ce, "Kai huɗu da obin, dal daga Kano!"

Ƙarya ce tsagwaronta. Murhun Inna ne, mahaifiyar Nafisa. Mahaifinta, marigayi Malam Almu, ya sayo shi suna gidan gwamnati a GRA, Nafisa na rarrafe. Da ya rasu aka karɓe gidan, suka koma Ƙofar 'Yandaka, komai ya bi hanyar dillalai sai wannan murhu kaɗai. Da biki ya matso Inna ta ce 'yarta ba za ta shiga gidan manya da risho ba. Gwaggo Sabuwa ta sayo gwangwanin fenti mai ruwan azurfa, ta naɗe zani, ta shafe murhun tas. Baiwar Allah ko kawunan da wuta ke fitowa ba ta bari ba, sai da ta cika kowace ƙofa da fenti, wai don ya yi ƙyalli sosai.

"Shi ke nan, ba ni zuwa Kano," in ji Zubair a sanyaye. Ya tsince ɓarayin hular ya zuba aljihu. "Bari in zaga wajen masu kayan gas, ko a samu irinta. Ki daina kuka, Nafina. Hula ce fa, ba rai ba."

Ta kasa ɗaga kai har ƙarar babur ɗinsa ta ɓace.

Sannan ta durƙusa gaban murhun. Ta san ciwonsa sarai. Wuta ja mai baƙanta tukunya, ai ƙofofin ne suka toshe. Tun tana firamare ita ke zama da allura tana tsokace wa Inna su ranar Asabar. Ta ɗauko allurar da soson ƙarfe, ta kankare gefe ɗaya na babban kan. Fentin ya ɗaye, tsohon baƙin ƙarfe ya leƙo.

Sai hannunta ya tsaya. In ta kankare, murhu zai kama, amma ko makaho ya shafa ya san ya ga shekaru, a tashi ana cewa Inna ta yi wa mutane ƙarya. In ta bar shi da ƙyallinsa, gobe tuwo ya fito da warin fenti, ko ma ya ƙi dahuwa. Ta rasa wadda za ta ɗauka cikin kunyar biyu. Ta kifa kai a murfin obin ta yi kuka mai isar ta.

Har aka yi la'asar Zubair bai dawo ba. Ta share fuska ta ce bari ta gwada kan baya na hagu, shi ne Gwaggo ba ta cika wa fenti sosai ba. Ta kyasta ashana, ya ƙi. Ba tare da ta yi tunani ba ta danna makunnin ciki, ta ɗan ɗaga shi sama, ta bugi gefen murhun da gwiwa. Fuf! Wuta ta kama.

"Sabon murhu, har kin san inda ake bugun shi?"

Ta zabura. Zubair ne jingine da ƙofa, fuska duk gumi, da wani tsohon gwangwanin madara a hannu. Kallo ɗaya ta yi wa gwangwanin ta gane shi.

"Ina... ina ka samo wannan?"

"Zamna, Nafisa."

Ta kashe wutar, ta zame ta zauna a ƙasa. Shi ma ya zauna kusa da ita, a nan dandamalin kicin, da farar shaddarsa.

"Babu inda ban je ba. Babbar kasuwa, masu cika gas, har 'yan gwangwan. Kowa ya juya hular sai ya ce rabon da a kawo irinta tun mulkin farar hula na baya. Wani ya ce sai dai in samu mataccen murhu irin shi a ciro mani. Na ce masu sabo ne, suka yi ta dariya. Raina ya ɓaci, na ce lallai an cuci Inna. Shi ne na wuce Ƙofar 'Yandaka in tambayi sunan shagon."

"Wayyo Allahna! Ka je gida?"

"Na je."

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Na yi sallama, aka ce in shigo. Na iske Inna a tsakar gida ta kafa duwatsu uku tana hura icce. Iccen ɗanye ne, hayaƙi ya turnuƙe, tana tari har tana dafe ƙirji. Ƙofar kicin na buɗe. Na hango tukunyar gas a tsaye ita kaɗai, da tiyonta a rataye, ga shatin ƙafa huɗu a siminti. Daga nan ban iya tambayar shago ba."

Kukan Nafisa ya fito fili. Inna da likita ya hana ta hayaƙi tun bara! Ai cewa ta yi za ta ari rishon maƙwabta kafin ta sayi nata.

"Na durƙusa na gaishe ta. Ta juya mani baya, kin san surukuta. Ta ce, 'Lahiya dai?' Na ce lahiya lau. Ashe ɓarin hular ya leƙo daga aljihuna. Sai idonta ya faɗa a kansa. Wallahi Nafisa, ban taɓa ganin babba ya ji kunya irin haka ba, ni ma ji na yi kamar in nutse. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wannan, ta aje a ƙasa ta turo mani."

Ya buɗe gwangwanin. A ciki akwai hula guda sabuwa a naɗe cikin tsumma, da ƙananan bakunan tagulla da gas ke fitowa ta cikinsu, da 'yar sifana. Baba ne ya saye su tare da murhun, yana cewa wata rana za a nema a rasa.

"Inna ta ce ta so ta sa shi cikin kayan jere, sai ta ga zai tona asiri. Ta ce, 'Ka kai ma yarinyar nan. Laifina ne, ba nata ba. Kar ka ga baƙinta.'"

Inna ba ta taɓa kiran sunan Nafisa ba, 'yar fari ce. Amma yau "yarinyar nan" ɗin ta soke ta har ƙahon zuci.

"Ka yafe mani," ta ce cikin mayafi. "Na bari kana yawo cikin rana ana yi maka dariya. In ka ce in tahi gida ma..."

"Ki tahi ina?" Ya janye mayafin a hankali. "Dube ni. Tsawon zancenmu, duk dambun naman da cincin da kike kawo mani zaure, a kan wa aka yi su?"

"A kan shi."

"To ashe tsohon abokina ne. Da shi aka kama ni, yanzu in ce ban san shi ba?"

Dariya ta kuɓuce mata cikin hawaye, ta kai masa ɗan duka a kafaɗa.

"Amma zaɓi naki ne, masoyiyata," ya ce. "In kin fi so, in ɗauko rishona na gwauranci ki ɓoye ki yi girkin a kai, mu rufe wannan da leshi. Babu mai ji a bakina."

Ta kalli murhun yana ta ƙyallin aro. Ta tuna Inna durƙushe gaban ɗanyen icce.

"Miƙo mani soson ƙarfen."

Suka rufe tukunyar gas, suka cire kawunan suka jiƙa a kananzir. Ita ke bin ƙofofin da allura, shi yana kwance bakunan da fenti ya toshe yana ɗaura na gwangwani. Ta sa ya shafa kumfar sabulu a tiyo, inda ya yi ƙwai, alamar gas na fita, suka yanke suka sake ɗaurewa. Suka wanke komai suka shanya. Kafin magariba shaddarsa ta tashi daga aiki, murhu ya koma kamanninsa na da, baƙi-baƙi da tabon shekaru. Ta kyasta ashana. Wuta shuɗiya ta zagaye kan, lif, babu hayaƙi babu wari.

Washegari da hantsi gida ya cika. Ƙamshin miyar taushe ya kai har waje. Haulat ce ta fara leƙowa kicin, ta yi turus.

"Af! Amarya, wannan ne dal ɗin daga Kano? Ko an musanya maku ne a hanya?"

Matan da ke bayanta suka yi ƙus-ƙus. Hajiya Rakiya ta matso tana gyara gilashi. Nafisa ta aje muciya. Ta durƙusa har ƙasa.

"Ba sabo ba ne, Hajiya. Na Innata ne. Shi kaɗai ya rage mata daga abin da Babana ya bari, shi ta ba ni. Fenti muka yi mashi don muna jin kunyar ku."

Hajiya Rakiya ta daɗe tana kallon wutar.

"Ita da mi take girki yanzu?"

"Icce."

"Da ciwon ƙirjin nata?"

Nafisa ta gyaɗa kai, hawaye na ɗiga kan siminti.

Hajiya ta juya ta dubi Haulat, kallon da ya sa ta sunkuyar da kai tana wasa da awarwaro. Sannan ta kamo hannun Nafisa ta ɗaga ta.

"Tashi, ɗiyata. Ni na aurar da ɗiya, amma ban cire murhun da nike ci a kai na ba ta ba. Ɗauko kwanon da ya fi kowane kyau. Babu mai sa hannu a tuwon nan sai an fara kai ma mai murhu."

Zubair ne ya kai. Ya ɗaure kwanon a bayan babur, ya haɗa da rishonsa da galan ɗin kananzir. Nafisa na ta raba abinci, amma hankalinta na kan ƙofa. Da ta ji ƙarar babur ta saki ludayi ta tare shi a soro, ta manta da kunyar dangi.

"Ta karɓa? Mi ta ce?"

"Rishon dai sai da na rantse mata ba ni komawa da shi. Na faɗa mata abin da kika gaya wa Hajiya. Ta juya baya ta daɗe tana goge ido da bakin zani."

"Ta yi fushi da ni?"

"Ta buɗe kwanon ta ɗanɗana miyar. Sai ta ce, 'A kan baya na hagu ta dafa wannan.' Na ce ƙwarai. Ta ce, 'Ka ce ma Nafisa ta riƙa rage mashi wuta, yana kama gindin tukunya.'"

Nafisa ta ƙame. "Mi ta ce? Ka ce ma wa?"

"Nafisa. Da bakinta ta faɗa."

Ta kifa fuska a ƙirjinsa, tana kuka tana dariya, har sai da Hajiya ta ƙwala kira daga ciki cewa amarya ta zo, miyarta na shirin kamawa.