Takunkumin Bindigar Baba Jatau

Baba Jatau ya ɗora bindiga a kafaɗa, ya bi abin da ke shawagi da bakinta, ya danna kunama. Bindigar ta yi ɗan tari, irin na jariri mai mura. Can bisa rufin kasuwar kifi, shirwar ƙarfe ta karkace, ta saki hayaƙi, ta faɗa cikin tafki.

Tsohon ya sauke bindigar yana jujjuya ta.

"Ta ƙi tashi!" ya ce da ƙarfi, har tattabarun da ke kan benen suka watse.

"Ta tashi, Baba," in ji 'yarsa, Injiniya Tasalla. "Ga shirwar can a ruwa."

"Na'am?"

Ta zagaya ta kunnensa na dama, wanda ya rage masa, ta maimaita. Ya leƙa tafkin, ya ga kumfa na tasowa, ya dubi ɗan bututun baƙin ƙarfen da ta ɗaura masa a bakin bindiga. Sai ya fashe da dariya har hularsa ta zame.

A Birnin Madatsa ba wanda bai san shirwar ƙarfe ba. Jirage ne marasa matuƙi, kowanne bai wuce girman talotalo ba. Wani kamfanin kai saƙo ne ya zuba su a garin tun Tasalla tana goye. Kamfanin ya rushe, masu shi suka watse, amma ba wanda ya gaya wa jiragen. Da hasken rana suke caji, su kwana a kan hasumiyoyin ruwa, su gyara junansu da sassan waɗanda suka faɗo, gari na wayewa su fito aikin da suka sani: su ɗauki kaya su kai sito. Siton kuwa ruwa ya daɗe da cinye shi. Don haka kifin mutane, da tumatir, da wankin da aka shanya, duk a tsakiyar tafki suke ƙarewa. Majalisar gari ta ɗauki maharba aiki, ta raba su bisa benaye, kuma Baba Jatau ne sarkinsu.

Harbi ke nan daga safe zuwa yamma. Mutanen gari sun saba: da an ji ƙara, kowa ya duƙa ƙarƙashin rumfa har shirwa ta faɗo, sannan a ci gaba da ciniki. Maharban ne kunnuwansu suka kasa sabawa. Duk wanda ya daɗe a aikin sai ka ga yana kallon bakin mai magana. Likita ya gaya wa Tasalla cewa in mahaifinta ya ƙara damina ɗaya a haka, kunnen daman ma zai bi na hagu. Ta roƙe shi ya ajiye bindiga, ya ce sai dai a ajiye shi tare da ita.

Shi ya sa ta ƙera na'urar da ta ɗaura masa, mai kashe ƙarar bindiga. Irin na dā, waɗanda ake gani a gidan tarihi, rage ƙara kawai suke yi: su sauko da ita daga wadda ke fasa kunne zuwa kamar an buga ƙofar ƙarfe da fushi. Tata tana da ɗakuna-ɗakuna a ciki inda iskar harsashi ke hucewa, sannan akwai 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ke sauraron ƙarar tun tana cikin bututu, ta haifar da wata ƙarar daidai da ita amma a juye, su yi karo su kashe juna. A takarda sunanta Mahaɗiyar Ƙara. Maharba kuwa da suka gan ta a bakin bindiga sai suka ce takunkumi, sunan ya bi ta.

Matsalar ita ce doka. Tun shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka aka haramta duk abin da ke ɓoye ƙarar harbi, kuma ba a taɓa taɓa dokar ba. Gwajin da suka yi ma da izini na musamman ne. Sai Tasalla ta kai maganar gaban majalisa.

Ranar zaman, zauren ya cika har baranda. Shugaban majalisa, Alhaji Nomau, mutum ne mai son a gama komai kafin abinci ya huce. Ya ba Tasalla dama, ta nuna awon ƙarar a bango: ta tsohuwar bindiga jan layi har rufi, ta mai takunkumi ɗan kore a ƙasa. Wani ɗan majalisa ya ce maharba su toshe kunne da auduga mana. Ta amsa cewa da kunne maharbi ke jin zuwan shirwa kafin ya gan ta, in ya toshe ya zama gunki a kan bene. Wani ya miƙe ya ce shi dai bindigar da ba ta magana munafuka ce. Aka yi dariya.

Sai Hajiya Dudu ta tashi. Ita ce wakiliyar 'yan kasuwa, babbar dillaliyar kifi, mace mai jiki da murya. Tana miƙewa zauren ya nutsu.

"'Yata, na ji bayaninki, kuma Allah ya yi miki albarka, mai tausayin uba," ta ce. "Amma ki ji nawa. Kakata tana daka a tsakar gida, da rana tsaka, ta ji harbi daga ƙauyen da ke gaba da nasu. Ta yar da taɓarya, ta saɓi uwata ta shiga dawa. Kafin maharan su iso, ba kowa a garin. Da bindigarsu tari take yi irin taki, da ba ni a nan. Yau kin ba maharba. Gobe wa zai ɗaura?"

Tasalla ta juyo wajenta. Ta ce kowace na'ura tana gane hannun mai ita, ba ta yi wa baƙo aiki. Hajiya ta ce duk abin da mutum ya kulle, mutum ne zai buɗe shi. Aka shiga hayaniya, wasu na cewa a rage ƙarar rabi, wasu na tambayar rabin me.

Baba Jatau bai ji ko ɗaya ba. Ya ga dai bakuna na motsi, sai ya miƙe ba tare da an kira shi ba.

"Allah ya taimaki shugaba!" ya faɗa, har lasifikar zauren ta yi kuka. "Ni ban san me kuke cewa ba. Abin da na sani, Juma'ar da ta wuce na yi sujada, ban ji kabbarar liman ba. Ina nan goshi a ƙasa, ina ta tasbihi, ina cewa yau liman ya ji daɗin sujada. Da na gaji na ɗago, masallaci ba kowa sai mai shara yana jira in ɗaga masa tabarma."

Zauren ya kece da dariya, har Hajiya Dudu na share hawaye da gefen mayafi. Tsohon ya jira suka gama.

"Yaran da ke ƙarƙashina guda nawa ne suka fara kallon baki? Ni nawa ya tafi. Ku bar musu nasu."

Dariyar ta tsaya. Alhaji Nomau ya duba fuskoki, ya ce a ba maharba kaɗai izinin gwaji zuwa ƙarshen damina. Hajiya ta ce a rubuta ba ta yarda ba, aka rubuta.

Garin ya yi shiru irin wanda matasa ba su taɓa ji ba. Malaman makaranta suka riƙa kai ƙarshen jimla ba a katse su ba. Masu kiwon kaji suka ce ƙwai ya ƙaru. Mutane suka gano cewa jirgin ƙasan lantarki da ke zagaye tafkin yana da wata 'yar ƙararrawa mai daɗi, shekara da shekaru ba wanda ya sani. Tasalla tana tafiya a titi ana nuna ta, ita ma har ta fara tunanin kai na'urar wasu garuruwan.

Sai ranar sunan jikar Alhaji Nomau. An kafa rumfuna a ƙofar gida, an sauke babbar tukunyar kunun gyaɗa a fili, mata na ta rabawa. Shirwa ta biyo ƙamshin soyayyen nama. Maharbin unguwar ya gan ta, ya auna, bindiga ta yi tari. Ba wanda ya ji, don haka ba wanda ya duƙa. Ƙarfen ya sauko daga sama ya faɗa tsakiyar tukunyar. Kunu ya tashi ya sauka a kan manyan riguna, shugaban majalisa da kansa ya wanku daga hula zuwa takalmi. Allah ya taƙaita, kunun ya sha iska. Amma matar da ke rabawa ta matsa daga bakin tukunyar ne kawai don ɗauko kofi, kuma da jaririyar da ake wa suna a bayanta.

Tasalla ta je ta ga tukunyar da ta lotse, ta ga inda matar ta tsaya. Ta koma gida ba ta iya cin abinci ba. Washegari da safe ta nufi kasuwar kifi, ta durƙusa gaban Hajiya Dudu.

"Hajiya, kin faɗa ban ji ba."

"Tashi, 'yata, ba wannan na faɗa ba. Ni ɓarayi na ji wa tsoro, ban san kunu ne zai fara ba." Ta jawo mata kujera. "Zauna. Ke kina son kunnen ubanki, ni ina son a ji in an harba. Dole sai ƙarar ta fito ta inda kunnensa yake?"

A kan teburin kifin nan suka tsara abin. Takunkumi zai ci gaba da haɗiye ƙarar, amma duk lokacin da aka danna kunama, 'yar lasifika a gabansa za ta jefa gargaɗi can nesa, inda harsashi ya nufa, a bar maharbi cikin shirunsa. Bindigar da ba ta gargaɗi kuwa ta ci gaba da zama haram. Majalisa ta amince ba gardama, Alhaji Nomau ne ma ya fara ɗaga hannu. Da aka zo zaɓen sautin, wasu suka ce ƙaho, wasu suka ce jiniya. Hajiya ta ce a duk garin nan ba abin da ke kai nisa kamar muryar Sarkin Maharba. Aka kawo Baba Jatau gaban na'urar ɗaukar murya, aka ce ya yi magana yadda ya saba.

Daga ranar, duk harbi a Madatsa sai ka ji daga sama: "Ku duƙa, jama'a!" Kowa ya duƙa, shirwa ta faɗo, a tashi. Yara suka mai da shi waƙar wasa. Likita ya auna kunnen tsohon ya ce ya tsaya inda yake, sabbin maharba kuwa ba wanda ya ƙara kallon baki. Tasalla da Hajiya suka zama kamar uwa da 'ya, ba ta wuce kasuwa ba a ƙulla mata kifi ba.

Bayan kaka, wata safiya, tana tsaye gaban teburin Hajiya ana yanka mata kifi, ragon ruwa, sai muryar ta sauko: "Ku duƙa, jama'a!" Kasuwa gaba ɗaya ta shige ƙarƙashin rumfuna. Tasalla da Hajiya suka cusa kai ƙarƙashin tebur, suna jiran faɗuwar ƙarfe. Ba abin da ya faɗo. Sai muryar ta sake zuwa, wannan karon daf da kansu, tare da kaɗawar farfela.

Tasalla ta leƙo. Shirwa ce tsaye a iska bisa teburin, lafiyarta ƙalau. Daga 'yar lasifikar da ke cikinta, wadda a dā take sanar da masu saƙo cewa kayansu sun iso, muryar mahaifinta ke fitowa. Shirwar ta sauko a natse, ta zaɓi kifin da ya fi girma, ta tashi. Bayanta wasu suna ta sauka layi-layi, kowace na cewa jama'a su duƙa, jama'a kuwa sun duƙa.

Nan take ta gane. An ƙera jiragen ne su koyi duk abin da ke sauƙaƙa musu ɗaukar kaya. Shekaru suna ganin mutane na barin kayansu in bindiga ta tashi, amma 'yar lasifikarsu ba ta iya kwaikwayon ƙarar bindiga. Muryar tsoho kuwa, wannan mai sauƙi ce.

"Hajiya," ta ce a hankali, "ni na koya musu."

"Mu dai muka koya musu," in ji Hajiya Dudu, tana kallon kifinta na tafiya tafki. Kafaɗunta suka fara rawa, ta toshe baki, dariyar ta ƙwace. "Wayyo ni Dudu! Da muryar Jatau aka yi mini fashi!"

Can sai ga Baba Jatau ya sauko daga bene, bindiga a hannu, yana huci. Ya auna ya fasa ya fi a ƙirga, don ya ga mutane na duƙawa tun bai harba ba, ya rasa gane abin da ke faruwa. Ya tsaya tsakiyar kasuwa, ya karkata kunnen dama sama, ya saurara.

"Tasalla! Wane ne wannan mai ihu kamar an taka shi?"

"Kai ne, Baba."

"Ni?" Ya ƙara saurare. "Haka nake yi muku duk shekarun nan?"

Har yanzu kowa na ƙarƙashin rumfa. Tasalla ta fito tana kakkaɓe ɓawon kifi daga zaninta. Ta riga ta fara lissafin sabon sauti, wanda zai riƙa canzawa kullum, ta buɗe baki za ta faɗa. Hajiya ta riƙo hannunta.

"Kafin ki ƙera wani abu, 'yata, ki fara tambaya: su waɗancan, wata nawa zai ɗauke su su koya?"

Tasalla ta ɗaga kai. Shirwa ɗaya ba ta ɗauki komai ba. Tana tsaye a iska bisa kansu, ta juyo da 'yar makirufonta wajensu, tana saurare.